Amsoshin Tambayoyinku: Me Kwamfutata Ke Saukewa Har Take Cewa Tana Baya da Shekaru?

TAMBAYA

Ni mai karanta wannan fili ne daga Tenhiya, ƙasar Damargu. Ina da ɗan shagon cajin salula mai aiki da hasken rana, ina kuma sayar da kati. Wana yana neman kuɗi a Libiya, ya ce zai riƙa aiko da na cefanen gida ta bitcoin duk lokacin da hanyar da muka saba ta yi wuya. Da na sauka Damagaram, wani yaro ɗan makaranta ya sa mini manhajar Bitcoin Core a kwamfutata, ya ce da ita ba sai na dogara da kowa ba. To tun ranar take rubuta cewa tana baya da shekaru, ta cinye mini forfe ba iyaka, har yanzu ba ta gama ba. Da na dawo gida, inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa, sai abin ya tsaya cak. Yaron ya ce masana suna sake tsara yadda kwamfutocin ke karɓar bayani daga junansu. Malam, mene ne take saukewa haka? Wane gyara ake yi? Kuma idan rezo ya ɗauke kwana da kwanaki, kuɗin da aka aiko mini sun ɓata ke nan? Allah ya ƙara basira.

Daga wani mai karatunmu a Tenhiya

AMSA

Ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a sana'a, ya dawo da wanka gida lafiya. Tambayarka uku ce, kuma ta ƙarshen na san ta fi hana ka barci, don haka da ita zan fara.

Kuɗin ba sa ɓata don rezo ya ɗauke. Bitcoin ba ya zaune a cikin salularka ko kwamfutarka. Abin da ke akwai littafin lissafi ne guda ɗaya, wanda dubban kwamfutoci a sassan duniya kowace ke riƙe da kwafinsa. Ranar da wanka ya aiko, za a rubuta a littafin cewa kuɗi kaza sun koma adireshinka, ko kana kan layi ko kana can daji bakin rijiya. Abin da ke hannunka makulli ne kawai, wanda da shi ake sa hannu a fitar da kuɗin. A yawancin manhajojin salula makullin kalmomi ne 12 ko 24 da ake rubutawa a takarda a ɓoye. A Bitcoin Core kuwa fayil ne, kuma ina roƙonka ka kwafe shi ka adana a wani wuri daban tun yau, kafin ƙura da zafin Damargu su yi wa kwamfutar illa. Ka tuna ƙarshen Fabrairun 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, da aka katse intanet na salula a Nijar kusan kwana goma. Littafin ya ci gaba da cika kamar kullum, kuma duk mai makullinsa ya tarar da kuɗinsa yadda ya bar su. Abin da ɗaukewar rezo ke raba ka da shi labari ne: ba ka san abin da aka rubuta a bayanka ba. Sauran tambayoyinka biyu duk a kan wannan rashin sanin suke.

Wanda ya ƙirƙiro tsarin, wani da ya ɓoye kansa da sunan Satoshi Nakamoto, ya fitar da takardar bayaninsa ranar 31 ga Oktoba 2008, aka buɗe shafin farko na littafin ranar 3 ga Janairu 2009. Tun daga nan kusan kowane minti goma ake ƙara shafi ɗaya, wajen 144 ke nan a rana. Shafin shi ake kira bulok. Zuwa tsakiyar 2025 shafukan sun haura 900,000, nauyinsu ya wuce giga 600. Kwamfutar da ke riƙe da littafin tana kuma bincikensa da kanta ita ake kira nod, kuma abin da yaron ya mayar da taka ke nan. In ta ce tana baya da shekara goma, nufinta ta karanto daga 2009 ta kawo wani wuri, saura na shekara goma a gabanta. Kuma aikinta ya wuce saukewa. Kowane ciniki sai ta tambaya: kuɗin nan da aka kashe akwai su? Ba a riga an kashe su a wani wuri ba? Ba a ƙirƙiri sababbi fiye da ƙa'ida ba? Shafukan shekarun farko kusan fanko ne, shi ya sa ka ga ta fara da gudu, daga baya ta koma jan ƙafa.

Ka ɗauka dillalan kasuwar dabbobi ta Tanut sun yi yarjejeniya cewa kowannensu zai riƙe littafi iri ɗaya na duk cinikin da aka taɓa yi a kasuwar, kuma babu wanda littafinsa ya fi na wani daraja. Wahala uku za ta same su. Sabon dillali, ko wanda ya yi doguwar tafiya ya dawo, sai ya kwafi abin da ya wuce shi. Duk sa'ad da aka rufe sabon shafi sai ya isa ga kowa da sauri. Sannan cinikin da aka ƙulla amma ba a kai ga shigar da shi shafi ba, shi ma sai kowa ya ji labarinsa. Duk gyaran da yaron ya gaya maka yana cikin ɗayan ukun nan, kuma an fi shekara goma ana yinsa, a hankali, kashi-kashi.

Mu fara da sabon shiga, tunda nan ciwonka yake. A shekarun farko sabuwar kwamfuta takan kama maƙwabciya ɗaya, ta riƙa karɓar shafuka daga gare ta ita kaɗai, a jere. In maƙwabciyar mai rauni ce, ka zauna jira. In maƙaryaciya ce, tana iya ɗora maka shafukan banza, ba za ka gane ba sai ka sha wahalar saukewa. A Fabrairun 2015, a siga ta 0.10, aka juya tsarin bisa aikin Pieter Wuille, wani injiniya ɗan Beljiyam. Kowane shafi yana da kai, bayit 80 kacal. A cikin kan akwai hatimin shafin da ya gabata, da hatimin abin da ke cikin wannan shafin, da shaidar aikin lissafi mai tsadar wuta da masu haƙa suka yi kafin a karɓi shafin. Hatimin nan lamba ce da ake fitarwa ta lissafi daga abin da aka rubuta, kuma in aka taɓa harafi ɗaya duk lambar sai ta canza. Masu haƙar da nake nufi kuwa manyan rumbunan injuna ne, ba irin mainin ɗin danne-dannen salula da ya ɗauke hankalin matasanmu a 2024 ba.

Yi lissafin da kanka: kai 900,000 sau bayit 80, mega 72 ne kawai. Sai aka ce kwamfuta ta fara sauke kawunan duka, dubu biyu-biyu a kowane saƙo, ta ga sarƙar da ta fi tara aiki, ta san cewa ita ce ta gaskiya. Bayan nan sai ta nemi cikin shafukan daga maƙwabta da yawa a lokaci guda, wannan ya ba da nan, wancan ya ba da can. Shafin da bai dace da kansa ba a yar da shi, maƙwabcin da ya cika nawa a sauya shi. A ganina wannan ne mafi kyawun gyaran da aka taɓa yi wa lamarin, domin ya ƙara sauri ba tare da ya nemi ka yarda da kowa a kan komai ba. Waɗanda suka biyo baya ba duka ne suka sami wannan tsarkin ba.

A Yulin 2015, siga ta 0.11 ta kawo datsa: bayan kwamfuta ta bincika tsohon shafi tana iya goge shi, ta bar na baya-bayan nan kawai, har ƙasa zuwa mega 550. Da wannan, faifai ƙarami ma ya isa. Amma ka lura da kyau, domin nan mutane da yawa ke ruɗewa: datsa tana rage wurin ajiya ne, forfe kuwa yana nan yadda yake. Giga 600 ɗin nan sai sun bi ta wayarka kafin a goge su. A Maris 2017, siga ta 0.14 ta kawo wani sauƙin na lokaci. Masu rubuta manhajar suna sa hatimin wani shafi da ya daɗe da binnewa, kwamfuta kuma ta tsallake binciken sa hannun cinikin da suka gabace shi, amma ta bincika sauran komai. Nan ne yarda ta fara shigowa: ka yarda cewa mutanen da suka duba manhajar a bainar jama'a ba su haɗa baki sun sa hatimin ƙarya ba. Yarda ce ƙarama, wanda bai so ba kuma yana iya kashe wannan sauƙin.

Na baya-bayan nan, wanda nake zaton shi yaron ya ji, shi ne wanda James O'Beirne ya kawo shawararsa a 2019, ana kiransa AssumeUTXO. Tunanin shi ne, don ka fara aiki ba ka buƙatar tarihin kowane tsaba tun 2009, abin da kake buƙata jerin kuɗin da ba a kashe ba a yau, da adireshin da kowanne yake. Sai aka ɗauki hoton wannan jerin a shafi na 840,000, wanda aka rufe a Afrilun 2024. Layi sama da miliyan 170 ne, nauyinsa wajen giga goma. Hatiminsa yana rubuce a cikin manhajar, saboda haka ko daga hannun wa ka karɓi fayil ɗin, in an taɓa shi kwamfuta za ta ƙi shi. An fara gwada tsarin a siga ta 26 a Disambar 2023, aka buɗe shi ga ainihin littafin a siga ta 28 a Oktobar 2024. Kwamfuta takan ɗora hoton, ta cike daga nan zuwa yau, ta fara yi maka aiki, sannan a bayan fage ta koma 2009 ta biyo tarihin duka har ta iso shafin hoton ta tabbatar lissafi ya yi daidai. Ga mutumin Yamai mai intanet na waya a gida wannan babban sauƙi ne, jiran kwanaki ya koma na awoyi. Gare ka kuwa, gaskiya ita ce jira aka rage, jimillar saukewa ba ta ragu ba. Ko cike giɓin kaɗai, littafin yana ƙaruwa da sama da mega 200 kullum.

Wahala ta biyu an fi samun nasara a kanta. A da, in aka rufe sabon shafi, sai a aika shi ɗungurungum ga kowane maƙwabci, alhali yawancin cinikin da ke cikinsa maƙwabcin ya riga ya ji su suna zaman jira a wurinsa. Abu ɗaya ana biyan kuɗin ɗaukarsa sau biyu. A 2016 Matt Corallo ya rubuta tsarin da aka sa wa lamba BIP 152, ya shiga siga ta 0.13. Yanzu kan shafin ake aikawa, da gajeriyar alama mai bayit 6 ta kowane ciniki. Shafi mai ciniki 2,500, wanda nauyinsa ya haura mega ɗaya, sai ya koma wajen kilobayit 15. Mai karɓa ya haɗa shafin da abin da ke hannunsa, ya nemi ƴan kaɗan ɗin da ya rasa. Amfanin ya wuce tsimin forfe. In shafi ya yi jinkirin yaɗuwa, wani mai haƙa a wani gefen duniya yana iya rufe nasa shafin a kan wuri ɗaya, littafi ya rabu biyu na ɗan lokaci, kuma manyan masu haƙa su ne ke cin ribar irin wannan jinkirin.

Ta ukun ce har yanzu ake kai, kuma ita ce ta fi burge ni. Kowace kwamfuta tana kiran maƙwabta takwas da take musayar labarin ciniki da su. Duk cinikin da ya shigo, sai ta sanar da kowane maƙwabci lambarsa, su ma kowa ya sanar da ita. Labari ɗaya ka ji shi daga baki takwas, ka kuma biya kuɗin jinsa sau takwas. A 2019 Gleb Naumenko, tare da Gregory Maxwell, Pieter Wuille da malamai biyu na wata jami'a a Kanada, suka fitar da wani tsari mai suna Erlay. Dabarar tana da sauƙin fahimta. A ce ina da lambobi 3, 8, 15 da 20, kai kana da 3, 8 da 20. Ba sai na karanto maka nawa duka ba. In ce maka jimillar nawa 46. Ka tara naka ka sami 31, ka ɗebe, ka ga 15, ka san abin da ka rasa ke nan. In bambancin biyu ne, sai in ƙara maka wata jimillar ta daban, kamar jimillar kowace lamba sau kanta, ka warware biyun. Abin lura shi ne girman saƙon bai danganta da yawan lambobinmu ba, ko da dubu ne, ya danganta ne da yawan abin da muka saɓa a kai. Masu binciken sun auna cewa wannan zai rage wajen kashi 40 cikin ɗari na duk abin da kwamfuta ke ci. An ba tsarin lamba BIP 330, an shigar da ɓangaren farko a manhajar, amma shekaru sun shuɗe bai zama abin da kowa ke aiki da shi ba.

Kana iya cewa, to me ake jira? Dalili biyu ne, kuma dukansu sun cancanci haƙuri. Na farko tsoron rabuwar littafi. Ranar 11 ga Maris 2013, sabuwar siga ta 0.8, wadda aka canza mata rumbun ajiya don ta fi sauri, ta karɓi wani shafi da tsohuwar siga ta kasa ɗauka. Babu wanda ya yi niyyar canza ƙa'ida, amma littafi ya rabu biyu na tsawon awoyi, sai da manyan masu haƙa suka koma tsohuwar sigar, aka yi asarar shafi 24 na ɗaya reshen. Tun daga ranar duk abin da ya shafi yadda kwamfutoci ke karɓa da ajiye shafi ana taɓa shi da taka-tsantsan. Na biyu tsoron killacewa. A 2015 Ethan Heilman na Jami'ar Boston da abokan aikinsa suka nuna yadda mugu zai iya mamaye duk maƙwabtan kwamfuta ɗaya, ya zama duk abin da take ji daga bakinsa ne. Ba zai iya ƙirƙirar kuɗi ko sa hannunka ba, amma yana iya ɓoye maka labari, ya nuna maka an biya ka alhali a ainihin littafin kuɗin sun tafi wani wuri. Maganin shi ne yawan maƙwabta daga wurare daban-daban. Shi ya sa a 2019 aka ƙara wasu biyu na musayar shafuka zalla, a 2024 kuma aka mayar da sirranta zancen da ke tsakanin kwamfutoci abin yau da kullum. Amma ƙarin maƙwabta ƙarin forfe ne. Babbar manufar Erlay ke nan, a sa yawan maƙwabta ya yi arha. Sai dai duk sabuwar hanyar yaɗa labari sai an tabbatar ba ta buɗe wa mai leƙen asiri ƙofar gane daga wace kwamfuta ciniki ya fito ba, kuma wannan gwajin yana cin lokaci.

Wannan magana ta shafe mu fiye da mutanen Turai. Nijar ba ta da teku, intanet ɗinmu ta ƙasashen maƙwabta yake bi. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama sun ji a jikinsu. A Tenhiya kuwa, ko maƙwabtan kwamfutarka goma ne a nahiyoyi uku, duk ta eriya ɗaya suke iso maka. Ba ina cewa wani na shirin cutar ka ba ne, ina nuna maka ne cewa wanda ke ƙarshen hanya shi ya fi kowa buƙatar waɗannan gyare-gyaren.

Akwai wata hanya ta daban gaba ɗaya, wadda tun a takardar 2008 aka ambace ta: manhaja mara nauyi. Ita kawunan shafi kawai take riƙewa, wanda bai kai mega 5 a shekara ba, sannan ta nemi shaidar cewa cinikinka yana cikin shafi kaza. Tsarin farko na 2012 yana tona wa maƙwabci adireshinka. A 2017 Olaoluwa Osuntokun da abokan aikinsa suka juya shi a BIP 157 da 158: kwamfuta mai cikakken littafi ta yi ɗan taƙaitaccen matacin kowane shafi, salularka ta sauke matacin, ta duba da kanta ko akwai abin da ya shafe ta, in akwai sannan ta nemi shafin. Wannan ya rufa asiri, amma mara nauyi ba ta bincika ƙa'idojin littafin, ta dogara ne da cewa sarƙar da ta fi aiki ta gaskiya ce. Ƙasa da wannan akwai manhajojin da ke tambayar kwamfutar kamfani ɗaya kawai su nuna maka amsarta. Ƙasa da su kuma akwai asusun kasuwannin canji, inda makullin ma ba a hannunka yake ba. Har da masu aiki da lambobin dannawa a ƙaramar salula ba intanet, irin Machankura da wani ɗan Afirka ta Kudu, Kgothatso Ngako, ya fara a 2022 a wasu ƙasashen Afirka. Duk matakin da ka sauka, forfe na raguwa, yarda da wani na ƙaruwa. Babu laifi mutum ya zaɓi matakin da aljihunsa zai ɗauka. Abin da ba na so shi ne ya zauna a na ƙasa yana zaton yana na sama.

Yanzu ga shawarata gare ka. Ka dakatar da saukewa ta forfen salula, ba za ta kai ka ba. Don karɓar kuɗin cefane, manhaja mara nauyi wadda makullinta ke hannunka ta wadatar. In kuwa kana son cikakken littafin, don gani ya kori ji, to kada ka jawo shi ta iska, ka ɗauko shi a mota. Ka sami faifai mai tera ɗaya, in da hali irin mai saurin nan da ake kira SSD, ka kai shi Damagaram wurin mai cikakken kwafi ko mai intanet mara iyaka, a zuba maka fayilolin shafukan, ka hau hanyar Tanut da abinka. A gida ka umarci manhajar ta sake bin shafukan daga farko. Binciken ba ya buƙatar rezo, wuta kawai yake so, ita kuma kana da ita, sai dai ka kiyaye kada batir ya mutu tana tsakiyar aiki, domin hakan na lalata rumbun. Shafukan kaɗai za ka karɓa. Kada ka karɓi sakamakon binciken wani, kada kuma ka karɓi fayil ɗin makulli daga hannun kowa, ko da yaron kirki ne. Bayan nan ka kunna tsarin karɓar shafuka zalla, wanda ke nan tun siga ta 0.12, ka kuma sa iyaka ga abin da kwamfutar ke aika wa wasu. Abin da za ka riƙa saukewa zai koma wajen giga 7 a wata, kuma kana iya tarawa ka cike duk ranar da ka shiga gari. Kamfanin Blockstream ma ya fara watso shafukan ta tauraron ɗan'adam har da Afirka a Agustan 2017, ana kamawa da faranti irin na talabijin, karɓa kawai ba aikawa. Starlink ma ya fara aiki a hukumance a Nijar a 2025, amma kuɗinsa sai an yi karo-karo.

Ko wace hanya ka bi, ka riƙe wannan ƙa'idar: kada ka miƙa kaya ko kuɗin hannu saboda hoton allon salula da wani ya nuna maka, kada kuma ka gaskata abin da manhajarka ta nuna alhali tana cewa tana baya, cinikin biri a sama ke nan. Ka bari ta kamo shafin yau, ka ga cinikin a ciki, ka ga an ɗora wasu shafuka a kansa. Al'adar masu harkar ita ce shafi shida, kimanin awa ɗaya, in kuɗin masu yawa ne.

Wani abu yana damuna, kuma zan faɗe shi. Yawancin masu tsara waɗannan gyare-gyaren suna zaune ne inda intanet ba ya ɗaukewa, ba a kuma sayensa mega-mega. Mutanen kirki ne masu ƙoƙari, amma wanda bai taɓa ganin rezo ya tafi da la'asar ya dawo da hantsi ba, ba lallai ya sa wannan a sahun gaba ba. An fara samun canji. A 2021 Jack Dorsey da mawaƙin nan Jay-Z suka ware bitcoin 500 suka kafa gidauniyar Btrust don horar da masu rubuta manhajar a Afirka da makamantanta, kuma cikin mutum huɗu na kwamitinta na farko akwai Abubakar Nur Khalil daga Najeriya, wanda shi kansa ya taɓa ba da gudummawa a rubutun Bitcoin Core. Manhajar a buɗe take, kowa na iya karantawa, ya gwada, ya kai rahoto. Yaron nan da ya sa maka ita, in yana da himma, ya zo Tenhiya ya auna yadda take yi a rezonku, ya rubuta abin da ya gani ya aika musu. Irin wannan rahoton ba su da shi da yawa.

Game da kuɗin gida kuma, ka tambayi wanka ainihin abin da zai aiko, domin da yawa daga cikin masu cewa bitcoin, USDT suke nufi, wanda galibi a wani littafin daban yake tafiya, kuma Bitcoin Core ba za ta gan shi ba ko ta gama saukewa. Ka sani kuma bitcoin ba kuɗin hukuma ba ne a ƙasashen sefa, babban bankin BCEAO bai tsaya masa ba, farashinsa na iya faɗuwa sosai cikin mako guda, in kuma aka aika adireshin da ba daidai ba babu ofishin da za ka kai kuka. Inda NITA ko Amana ko Al Izza suka isa, kuɗin hatsi da na magani sun fi aminci ta can. In dole sai ta wannan hanyar, ku fara gwadawa da ɗan kaɗan, ku kuma tabbatar tun kafin ya aiko akwai amintaccen da zai canza muku zuwa sefa a Tanut ko Damagaram, a farashin da kuka yi magana a kai. Allah ya taimaka.